Rami na Biyu

"Ya fito?" Inna Maiturare ta tambaya daga kan katifa.

"Saura kaɗan, Inna," in ji Hussaini, ɗanta na biyu. Ya zare kebul ɗin, ya hura bakinsa, ya mayar. Talabijin bai canza ba. Shuɗi ne fal, da wani rubutun Turanci yana yawo a tsakiya.

"Tun hantsi kake saura kaɗan. Ko naƙudarka ba ta ɗau wannan lokacin ba."

Ni ina zaune a ƙasa ina matsa mata ƙafa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, a bayan rijiyar Kusugu. Tun ina ƙarama nake taya ta haɗa turaren wuta, da ta kwanta ciwo a farkon damina kuma ni ce mai kawo mata kunu.

Babban ɗanta Jafaru shekara shida yana aikin gini a Libiya. Wani direba ne ya biyo ta Nijar da saƙonsa: ƙatuwar waya mai faɗin faranti, wadda suke ce wa tabulet. A ciki akwai bidiyonsa riƙe da jaririyar da aka haifa masa, aka sa mata sunan Inna. Sai dai idon Inna ya yi yana. An kai mata tabulet ɗin har hanci, ta ce inuwa kawai take gani. Fuska sai ta yi girma take gane ta. Shi ya sa Hussaini ya aro babban talabijin wajen abokinsa, don a haɗa su.

"Takwarata nake son gani," haka take ce wa kowa. Sunan Jafaru ba ya fita daga bakinta, ɗan fari ne, "wancan" take ce masa. Amma in an kunna bidiyon, ba kukan jaririyar ke sa ta ɗago kai ba.

Bayan azahar Hussaini ya ɗauko Malam Sada mai gyaran waya daga kasuwa. Ya kashe tabulet ɗin, ya kunna. Ya shiga nan, ya fita can, yana tsaki. Bayan talabijin kuwa ko leƙawa bai yi ba.

Ni daga inda nake zaune bayan nake gani. Ramuka uku ne a jere, kowanne da lambarsa, kebul ɗin yana cikin na biyu. Da na tashi gyara wa Inna matashi, sai na hangi wasu haruffa a kusurwar shuɗin nan, da lamba ɗaya a gefensu. A aji uku na tsaya a firamare. Turanci ban iya ba, amma na san ɗaya ba biyu ba ce.

Na ce, "Yaya Hussaini..."

Su biyun suka juyo. Malam Sada ya yi dariya. "To, ga injiniya ta iso. Faɗi, Barakatu, muna ji."

Na ja mayafina na sunkuyar da kai. "Cewa zan yi, ko in kawo ruwa?"

"Kawo, ƴar albarka." Ya juya wajen Hussaini. "Kebul ɗinka jabu ne. Sai an aiko da na ainihi daga Katsina. Alhamis."

Ran nan Litinin ce. Na ce a raina gobe zan samu Yaya Hussaini shi kaɗai in faɗa masa. Washegari ya yi sammako, ya ɗau fasinja a babur zuwa Mashi, wuta ma ba a kawo ba duk yinin.

Da la'asar Inna ta ce in rufe ƙofa. Numfashinta ya yi nauyi.

"Ke idonki garau ne. Ɗauko abin nan ki duba mini."

"Jaririyar, Inna? Fara ce, mai kumatu."

"Jariri duk ɗaya ne." Ta rage murya. "Wancan. Ya rame?"

Na duba. Ƙasusuwan wuyansa a waje, furfura ta fito masa a gemu.

"Bai rame ba, Inna."

"Ashe ke ma kin iya ƙarya." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Murya ina jin ta kullum. Murya ba ta nuna rama. Bari dai Alhamis ɗin ta zo."

Maganar ramin tana bakina. Amma ba wuta, kuma in na faɗa ya zama ba shi ba ne fa? Na mayar da tabulet ɗin wurinsa, ban faɗa ba.

Laraba da hantsi ina tace kunu na ji salati ta kan katanga. Kafin azahar an kai ta.

Kebul ɗin Katsina ya iso ran Alhamis. Hussaini ya ajiye shi kan taga a ledarsa, ba wanda ya buɗe.

Ran sadakar uku, da mata suka ragu, aka ce in share ɗakin kafin mai talabijin ya zo ɗaukar abinsa. An naɗe katifar an jingine ta da bango. Ina cikin shara aka kawo wuta, shuɗin nan ya cika ɗakin. Tabulet ɗin yana kan tebur, tsohon kebul a jikinsa.

Na ajiye tsintsiya. Na zare shi daga rami na biyu, na sa a na ɗaya. Na danna inda na ga Yaya Hussaini yana dannawa.

Fuskar Jafaru ta fito, ta fi faifai girma, har ana iya ƙirga furfurarsa.

"Inna, kina ganina?" ya ce. "Ga takwararki."

Ya ɗaga jaririyar sama, yana murmushi, yana kallon daidai wurin da katifar ta bar shatinta a kan leda.