Rabon Awaki

Wasiƙar ta iske Dakta Sa'adatu Haliru a ofis ranar Talata. Ƙungiyar malaman jami'a masu koyar da kasuwanci ce ta zaɓe ta, za a ba ta lambar yabo ta bana saboda bincikenta da koyarwarta a kan yadda kamfanoni za su nemi riba ba tare da sun ɓata ƙasa da ruwa ba. Ta karanta sau biyu, ta yi hamdala, kuma mutumin da ya fara faɗo mata a rai shi ne Baba Tasi'u.

Baba Tasi'u majemi ne a wani ƙauye kusa da Horo Birni, aminin marigayi mahaifinta. Mahaifin nata baduku ne a kasuwar Bodinga, kuma shekara talatin bai ɗinka fatar da ba ta fito daga hannun Tasi'u ba. A wurin Baba Tasi'u ta zauna wata biyu, shekara biyar da suka wuce, tana ɗaukar muryarsa a waya yana bayanin yadda ake jima da 'ya'yan bagaruwa. Daga nan ta rubuta takardar da ta fito da sunanta. Wani kamfanin jima ya karanta, ya rage zuba sinadarai a ruwan mutane, ya koma sayen bagaruwa mota-mota. Tun daga lokacin ba ajin da za ta shiga ba ta kawo wannan misali ba, har ɗalibai suka laƙaba mata Hajiya Bagaruwa a bayan idonta.

Ta ƙudura sai tsohon ya zauna a sahun gaba ranar bikin. Shekara huɗu rabonta da ƙauyen. Aiki ya yi yawa, in ji ta, kamar yadda duk mai laifin zumunci yake cewa.

Ranar Asabar ta biya Bodinga ta gaida mahaifiyarta, ta sayi goro da turmin shadda, ta kama hanyar Shagari. Ta iske Baba Tasi'u a bakin ramin jima, hannu duk ya rine, ya rame fiye da yadda ta san shi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Lahiya lau, Dakta,” in ji shi. “Kin zaka lahiya?”

Tun tana yawo ba ɗankwali yake ce mata ɗiyata, bai taɓa kiranta da Dakta ba sai yau. Ta daure ta ba shi labarin lambar yabon, ta ce mota za ta zo ta ɗauke shi. Ya saurara har ta gama, ya goge hannu a jikin warkinsa.

“Madalla. Amma taso mu tahi hwadama ki ga abin da anka yaba.”

Ta san fadamar. A da, bagaruwa ce cunkus tun daga bakin rafi har gonakin gero, in ka shiga sai ka sunkuya saboda ƙaya. Yanzu rana na dukan ƙasa ko'ina. Itatuwan na nan tsaye, amma rassansu a karye, ɓawonsu a saɓule, ga dogayen gorori an jingine da su. Wasu ma an sassare su daga sama don a kai ga 'ya'yan.

“Dillalan kamfani ka saye da buhu,” in ji Baba Tasi'u. “Ɗanye da busasshe, duk ɗaya na garesu. Mutane na da yunwa, ban ga laihinsu ba. To ki duba mani ƙasa. In kin samu tsiron bagaruwa guda wanda bai kai gwiwa ba, ni bi ki birni.”

Ta duba. Ta bi gindin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na kama mata mayafi, har ta kai bakin rafi ta dawo. Babu ko ɗaya. Tsofaffin itatuwa ne kawai, ba na baya.

“Na hwaɗa maki,” ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. “Ranar da kinka aje wayarki bisa turmi. Nic ce ba a kaɗa bagaruwa, sai ta hwaɗo da kanta. Nic ce zubin hwarko ba namu na ba, rabon awaki na. Akuya ta ci, ƙwayar ta bi cikinta ta yi taushi, ta kasayar da ita can nesa, damina ta zo ta tsiro. Wadda ba ta bi cikin dabba ba, da wuya ta hito. Haka munka iske, haka munka riƙe. An karanta mani takardarki da Hausa. Ban ji wagga magana ciki ba.”

Sa'adatu ta tuna sarai. Ta tuna har shafin. Masu mujallar da ta buga takardar sun ce ta yi tsawo, a rage. Ta bi bayanan tsohon da jan biro, ta bar awon ruwa da kwanakin jiƙo da yawan garin da ake zubawa, da ta zo kan maganar awaki sai ta rubuta “al'ada” a gefe, ta soke. Ta ga kamar irin zancen nan ne na tsofaffi da ba ya shiga lissafin masana. Minti uku ne a wayar, kuma ita ta cire su da hannunta, ba wanda ya tilasta mata ta zaɓi wurin. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara tsayawa gaban aji.

“Baba, ka yafe mini.”

“Ni ba ki yi mani komi ba, Dakta. Kwana nawa ya rage mani? Ba ni zuwa bikinki. Amma in kina son wani abu gareni, maida maganata inda kinka hidda ta.”

Ya karɓi goron, ya mayar mata da shaddar.

Kwana shida ta yi tana juya abin a ranta. Abokin aikinta, Dakta Naziru, ya ba ta shawarar masu hankali: ta karɓi lambarta lafiya, bayan shekara ta rubuta wata takarda ta gyara a hankali, ba wanda zai lura. Ya tuna mata shugaban kamfanin zai halarta, kuma ana duba takardunta na zama farfesa. Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Sai dai shekara guda kaka guda ce, wani zubin farkon zai sake tafiya cikin buhu. Ga shi ita ce kullum take gaya wa ɗalibai cewa kamfanin kirki shi ne mai fitowa ya faɗi ɓarnarsa da bakinsa. Ashe dai wanzami ba ya son jarfa.

Ranar bikin zauren ya cika, har da 'yan gidan rediyo. Aka karanto tarihinta, aka yi tafi, aka miƙa mata allon gilashi mai sunanta. Shugaban kamfanin na sahun gaba yana murmushi, kujerar da ta sa a keɓe wa Baba Tasi'u na kusa da shi ba kowa. Ta ajiye allon a kan tebur, ta ninke jawabin da ta rubuta.

“Takardar da kuka yaba tana da giɓi,” ta ce. “Ni na yi giɓin, kuma ya cinye fadama guda a ƙasar Shagari. Ga abin da na cire.”

Ta kara wayarta a bakin lasifika. Muryar tsohon ta cika zauren da Sakkwatancinsa, yana bayani a natse, a bayansa ana jin awaki na kuka. Wasu suka fara dariya, sannan suka yi shiru. Da minti ukun suka ƙare ta faɗi abin da ta gani a fadamar, ta roƙi kamfanin ya daina karɓar ɗanyar bagaruwa da zubin farko, ta ce za ta rubuta wa mujallar gyara da sunan Malam Tasi'u majemi a sama da nata. Ba a yi tafi sosai ba. Shugaban kamfanin ya daina murmushi, yana rubuta wani abu a bayan katin gayyata, ba ta san ko mene ne ba. A wurin cin abinci mutane da yawa suka ga ya fi musu sauƙi su gaisa da wani.

Washegari ta koma ƙauyen, ba goro ba shadda. Ta iske shi a inda ta bar shi, ƙaramar rediyonsa rataye a reshen da ke saman ramin jima. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta iya ɗaga kai ba.

“Na ji jar akuyata cikin rediyo da sahe,” ya ce. “Wadda ta mutu bara waccan. Ko cikin dubu na san kukanta.”

Ya dubi wajen fadama, inda har yanzu ba tsiro ko ɗaya. Sannan ya jawo buzun da yake zaune a kai, ya shimfiɗa mata rabi.

“Tashi daga ƙasa, ɗiyata. Zamna nan. Akwai sauran abin da ban hwaɗa maki ba, kuma wannan karon ba ki soke komi.”