Akashiya Uku a Kwarin Arewa

Shekara goma sha ɗaya ina shugabancin masu kiwo a ƙauyenmu na gindin Aso, dutsen nan mai aman wuta, kuma babu wanda ya kai ni baki a kan bishiya. Duk ƙarshen sanyi, in za mu cinna wa filayen kiwo wuta don sabuwar ciyawa ta fito, ni ne mai wa'azi: tudun da ya yi shekara biyu bai ga wuta ba itatuwa za su cinye shi, jajayen shanunmu su rasa abin ci. Na taɓa wanke maƙwabcina Toyohiko tas a gaban jama'a saboda tsiro ɗaya a bakin shingensa.

Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne akashiya uku da ke kwarin arewa. Baƙuwar bishiya ce mai ƙaya, saiwarta na bin ƙarƙashin ƙasa tana tofo, amma ƙudan zumana ba su da abin so kamar furenta. Duk kaka, in aka fita yanke ciyawa don a yi wa wuta iyaka, ni nake karɓar wannan ɓangaren, in ce gangaren ya fi ƙarfin tsofaffi. Sai in ɗan karkata yankan yadda wuta ba za ta kai gare su ba.

Bana na gangara duba fure, na tarar da Gwaggo Fusae a durƙushe da 'yar fartanya. Ta haura tamanin, kuma a tudun da ke saman kwarin nan take yankan ciyawar rufin ɗakin ibadarmu tun ban san kaina ba. Gefenta tsiron akashiya ne tuli guda. Hannuwanta duk ƙaya ta yayyaga su.

"Gwaggo, me ya kawo ki nan?"

"Jikokin matanka nake tuge maka," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Su ukun nan akwai haihuwa, Masuzo."

Na ce wai iska ce ke kawo irin.

"Iskar da ta iya riƙe lauje? Shekara shida ina kallon yankanka yana yin kwana kamar tafiyar mai maye."

"Me ya hana ki faɗa a taro?"

"In faɗa su sauke ka, wa zai riƙa tara yaran nan ranar wuta? Bakinka na da amfani, hannunka ne ba shi da gaskiya."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce yau ɗin nan zan kawo zarto.

"Sarewa ai wasa ne, kafin shinkafar rana ta nuna ka gama. Saiwar ce za ta yi ta tofo, sai ka bi ta ɗaya bayan ɗaya."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Na kama ta, na ji ba ta fi damin ciyawa nauyi ba. Ta dubi rabin tudun da tsiro ya riga ya cinye.

"Bana ciyawar rufi ba za ta isa ba," ta ce. "Na gaya wa mutanen ƙauye ni ce na tsufa, ban ambaci itatuwanka ba."