Rijiyata da Darmar Lado

Kajina ne suka fara mutuwa. Daga baya jikata Jannat ta kama ciwon ciki, ta daina wasa, sai ta zauna tana kallon bango. A asibiti suka ce akwai darma a jininta.

Ban sha wahalar neman inda darmar ta fito ba. Lado, maƙwabcina a unguwarmu Yakite, tsofaffin batiran mota yake saye a Titin Koudoukou, ya fasa su bayan katangata, ya narkar da darmar a kasko, ruwan batirin kuma ya tuttula a kwata. Idan aka yi ruwan sama, kwatar cikin gidana take juyewa. Rijiyata tana tsakar gida, rabin layinmu a nan suke ɗiba.

Na same shi yana fifita wuta.

"Lado, kana kashe min yarinya."

"Haba Inna Hureira, mu da muke shaƙar hayaƙin nan kullum, ga mu garau."

"Garau? Je ka dubi haƙoranka a madubi."

Dariya ya yi. Na je wurin mai unguwa, ya ce in yi haƙuri, sana'a ce.

Sai na hau moto, babur ɗin haya, zuwa ofishin masu kare haƙƙin ɗan Adam. Na san ƙofar. Shekarar da aka kashe ɗana Sha'aibu, uban Jannat, a nan na zauna na ba da labarinsa, aka rubuta, har yau shiru. Wannan karon wata lauya na tarar, Nuriyya, 'yar unguwar Kilomita Biyar ce, Hausarta rabi yaren Sango. Ta ce ƙasashen duniya sun taru sun yarda cewa ruwa mai tsabta da iska mai tsabta haƙƙin mutum ne, kamar ransa.

Na ce, "Ran ɗana ma da kuka rubuta, ina aka kwana?"

Ta ce, "Mama, sai da shaida. Za mu ɗebi ruwan rijiyar, mu ɗebi ƙasa daga inda ruwan kwatar yake kwanciya."

Ta zo da wani mai awo, da kwalabe da ƙarfen haƙa. Ya zaga tsakar gidan, ya tsaya gindin mangwaro, ya ce nan ne gangare, nan zai haƙa.

Nan ɗin kuwa Sha'aibu yake kwance. Lokacin faɗan da aka yi a garin nan, wanda aka kashe shi a ciki, an tare hanyar maƙabarta, wanda ya fita da gawa ba lallai ya dawo ba, kowa a gidansa ya binne nasa. Ba ni kaɗai ba ce a layin nan.

Na faɗa musu. Mai awon ya cire hularsa. Nuriyya ta ce ko a bar ƙasar, amma ruwa kaɗai ba zai nuna daga wurin Lado gubar ta gangaro ba.

Na dubi Jannat, tana zaune inda na bar ta tun safe. Na ce ƙarfe ba zai taɓa wurin ba. Na ɗauko ludayin miya, na durƙusa wajen ƙafafun Sha'aibu, na yi bismilla, na cika musu kwalabarsu da hannuna.

Bayan damina sakamako ya fito: darma a ruwan, darma a ƙasar. Nuriyya ta ce yanzu ƙarata ta yi ƙarfi, an shigar da ita, sai dai a jira. Rijiyar kuwa dole a toshe ta, don kare lafiyar jama'a.

"Kaskon Lado fa?"

"Wannan sai kotu ta ce, Mama."

"Rijiyata ba ta jiran kotu, kaskonsa ne mai jira?"

Ranar da magina suka zo da siminti, na ce su dakata. Na zura guga, na cika kwanon sha mai murfi, wanda nake ba baƙi. Na fita da shi. Lado na zaune da masu kawo masa batir.

"Sannu da aiki, Lado. Ga ruwa, ka sha zafin wuta."

Ya karɓa da hannu biyu, don a gaban mutane ba a mayar da ruwan tsohuwa. Ya buɗe murfin. Ruwan fari tas.

"Na rijiyar ne, Inna?"

"Na rijiyar ne. Wanda Jannat take sha."

Ya riƙe kwanon, mutanen suna kallonsa. Ya ce azumin nafila yake yi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ai ɗazu tare muka ci rogo."

Na bar masa kwanon na koma gida. Magina suka rufe rijiyar. Yanzu ruwan jarka nake saye wa Jannat, na kuma tare gindin mangwaro da buhunan yashi don kar ruwan kwatar ya kai wurin. Lado ya matsar da kaskonsa can ƙarshen layi, bayan gidan wasu masu yara uku. Kwanona bai dawo da shi ba.