Igiya Uku Da Ba A Ɗinka Ba

Kwana goma sha biyu da rasuwar tsohon, babban ɗansa ya shigo shagon ɗinkin ƙanwarsa da leda a hammata, wani dattijo mai sanda na biye da shi. Auta, haka kowa ke kiranta ko da yake 'ya'yanta uku, tana kan keke tana fama da wuyan wata riga. Ta sauke ƙafa, ta rusuna ta gaida dattijon. Kofur ne, abokin mahaifinsu tun zamanin kaki, kuma shi ke shugabancin ƙungiyar tsofaffin sojoji yanzu.

"Aiki muka kawo miki," in ji Yaya. "Na minti biyar ne."

"Aikin minti biyar shi ke cin yini. Mu gani."

Ya zazzage ledar a kan teburin yanka. Rigar sojan Baba ce, ta koɗe ta koma launin busasshiyar ciyawa, tana warin akwatin ƙarfe. Tare da ita ga igiyoyin saja sababbi fil, uku na dama, uku na hagu.

A ofishin ƙungiyar akwai bangon da ake rataye rigar duk wanda ya riga mu gidan gaskiya, cikin gilashi, da hotonsa a ƙasa. Gobe za a rataye ta Baba. Matsalar ɗaya ce: Baba ya kai saja, amma ya bar aiki hannun rigarsa fayau. Kowa a gidan ya san an taɓa cire masa muƙami, ba wanda ya san dalili. Yaya kuwa abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, tun yana makarantar bariki yara na kiransa ɗan Saja Ba-Igiya.

Auta ta ɗauki hannun rigar ta kai bakin ƙofa inda haske yake. Wurin da igiyoyin suka taɓa zama ya fi sauran yadin duhu, ƙananan ramukan allura sun kewaye shi a jere. Ta shafa da ɗan yatsa. Ta juya cikin ta sake dubawa, ta daɗe.

Mahaifinsu ne ya koya mata riƙe allura. Da mahaifiyarsu ta rasu, shi ya zauna ya koyi ɗinke musu kayan makaranta da irin ƙullin da yake gyaran ragar kifi da shi, har malamai na dariya. Duk Asabar sai ya saɓa ta a wuya su nufi kogi, fatsa a hannu, yana tsayawa a hanya yana nuna mata ƙasa. Wannan zomo gudu yake, wancan yawo ya fito. Kifi mai ƙwai in ya kama, mayar da shi ruwa yake yi, ko da tukunya na jira a gida. Yakan ce duk abin da ya wuce sai ya bar sawu, makanta ta mai dubawa ce.

"Ba zan ɗinka ba," ta ce.

"Ke Auta, ban son shirme. Zaluntarsa aka yi. Suka fizge masa haƙƙinsa a gaban jama'a, mu za mu mayar masa."

"Wa ya ce fizgewa aka yi? Zo ka gani, Yaya. Shekara ashirin ina warware ɗinkin mutane. In aka fizge abu, zare da yadi yake tafiya, ramin ya yage. Dubi waɗannan, ko ɗaya bai yage ba. Reza aka sa, aka bi zare ɗaya bayan ɗaya, a natse. Ga inda rezar ta ɗan ci yadi, duk ta gefe guda. Aikin bahago ne. Bahago nawa ka sani a gidanmu in ba Baba ba?"

Yaya ya ɗago kai daga rigar. Ya juya ga dattijon.

Kofur ya ja kujerar masu jiran ɗinki ya zauna, ya jingine sandarsa. "Yarinyar nan da soja ta shiga da mun huta," ya ce. "Ina wurin. Ubanku shi ne mai bin sawun rundunarmu, ko a kan dutse mutum ya taka sai ya gano shi. Wani ɗan'uwanmu ya gudu daga sansani, matarsa na kan gwiwa, an hana shi izini. Aka tura ubanku. Kwana biyu ya dawo shi kaɗai. Da ya ce sawu ya ɓace masa, da shi ke nan, ba mai musu. Sai ya ƙame a gaban hafsa ya ce, na same shi, ranka ya daɗe, amma ba zan nuna ba. Hafsa ya ce a cire masa igiya. Ubanku ya ce kada kowa ya wahala. Ya tuɓe rigar, ya zauna a ƙasa, ya ciro reza. Muna tsaye cikin rana, hafsa na huci, shi kuwa kamar mai gyaran raga. Da ya gama ya miƙa wa hafsa igiyoyin da hannu biyu, ya sara masa. Shekara shida ya ƙara yi babu ko igiya ɗaya."

"Ka sani, Baba Kofur, ka rako shi a ɗinka?" in ji Auta.

"Dokar ƙungiya ce, 'yata. Kowa da muƙamin da ya taɓa kaiwa ake rataye shi. Riga fayau a tsakiyar manya, duk wanda ya shigo sai ya tambaya."

"To su tambaya mana. Bakinka ciwo yake? Yanzu ka gama ba mu labarin tsaf."

"Akwai 'ya'yan hafsan nan a cikinmu. Ba a tone-tone a bangon matattu."

"Wato a lulluɓe Baba don kada wani ya ji kunyar ubansa."

Yaya ya buga teburin har almakashi ya yi tsalle. "Ni na sha gorin nan, ba ke ba! Ina so 'ya'yana su shiga wurin su ga kakansu saja ne. Laifi ne? In ba za ki yi ba, tela ba ke kaɗai ba ce a layin nan."

Ya miƙa hannu. Ta riga shi. Kafin ya zagayo teburin ta zura hannuwanta cikin rigar, a kan kayan jikinta, ta fara ɓalla maɓallai tun daga wuya. Kafaɗun sun zubo mata, hannun ya rufe yatsunta.

"Bismilla, Yaya. Ɗauke ni ka kai wa telan. Ka ce ya ɗinka har da fatata."

"Kin haukace."

"Mutum ya zauna cikin rana ya warware abu da hannunsa, ni da ya koya wa allura in mayar? Yana kwance bai iya cewa a'a? Ba da wannan hannun ba."

Kofur ya dogara sandarsa ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. "Ki sani fa, babu igiya, babu bango. Ba ni kaɗai ke yankewa ba."

"Bangon naku ne, Baba Kofur. Ku rataye hoton, in shi ma ba sai an zana masa igiya ba."

Dattijon ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya fita yana girgiza kai. Yaya ya tsaya da igiyoyin a tafin hannu, ya rasa inda zai ajiye su. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko sau ɗaya bai gaya mini ba." Ya cusa su a aljihu ya bi bayan Kofur.

Matar da ta kawo ɗinkin rigar da ke kan keke ta leƙo, ta ga tela cikin kaki, ta ja da baya.

"Lafiya, maman yara? Yaƙi aka fara?"

"An gama," in ji Auta, tana naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu. "Shigo ki zauna, saura wuya kawai."