Ba a Ƙaryata Baba a Gaban Likita

Tsohon kafintan nan bai taɓa yarda ya yi kuskure ba tunda uwarsa ta haife shi, balle a ce wai jiri ya kayar da shi. A faɗarsa, tsanin ne ya zame. Da hantsi ya hau zai sauko da katako daga saman shagonsa, sai ji aka yi tim! Da ya buɗe ido ya ga babban ɗansa tsugune a kansa, rana kuma ta taso daga bakin ƙofa har ta kai ƙafar teburin aiki. Abin da ya faru a tsakani, oho.

Ɗan nan fa ba yaro ba ne. Furfura ta fara cin gemunsa, 'ya'yansa sun tasa, amma har gobe Sakarai uban ke kiransa, gaban masu kawo aiki, gaban matarsa, gaban kowa. Yana saurayi ya taɓa gyara wa uban awon wata ƙofa a gaban mai ita. Mutumin bai gama juya baya ba tsohon ya ɗauke yaron da marin da har yau kunnensa na hagu bai dawo daidai ba. Tun ranar doka ta zauna: ba a ƙaryata Baba a gaban mutane, ba a kuma motsawa sai ya ce a motsa.

A hanyar asibiti tsohon ya sa aka tsai da mota ya yi amai a gefen titi. Aka yi gaba kaɗan, ya sake. Kansa na sarawa kamar ana buga ƙusa daga ciki, amma ba ciwon ne ya dame shi ba. Autarsa ce. Tun faɗuwar da ya yi bara ta rantse in aka ƙara kwantar da shi a asibiti, da hannunta za ta garƙame shagon, ta kwashe shi zuwa gidanta ya zauna yana kallon talabijin da jikoki. Shi! Gara a binne shi da zartonsa.

A ɗakin gaggawa aka kwantar da shi kan gado, labule kawai tsakaninsa da wani mai babur da ya sha ƙasa. Tsohon ya kasa kunne. Wata likita ce ke tambaya, murya a gajiye: ka suma? Ka yi amai? Ka tuna yadda abin ya faru? Mai babur, wawan Allah, ya yi ta zuba gaskiya. Ba a jima ba aka gungura shi ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, nas na cewa a nemo masa gado.

Tsohon ya yi murmushi. Ashe jarrabawa ce, kuma ga shi an ba shi satar amsa.

Likitar ta ja labule ta shigo. Ta haska masa fitila a ido, ta shafa ƙulun da ke ƙeyarsa, ta leƙa kunnuwansa da bayansu, ta ce ya matse yatsunta. Ya matse da hannun da ya shekara hamsin yana riƙe guduma, har sai da ta yamutsa fuska.

"Baba, ba kowa muke sa wa a na'urar hoto ba," in ji ta. "Tana da nata hasken da ba a so jiki ya yi ta sha, ga kuma layi. Abin da ka faɗa min shi zai nuna min hanya, don haka ka gaya min gaskiya. Ka suma?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ina faɗuwa na miƙe."

"Ka tuna komai?"

"Har ƙwarin da ke jikin katakon."

"Amai fa?"

"Ko tashin zuciya babu, 'yata."

"Kana shan maganin tsinka jini? Wannan ita ce babba. Mai shekarunka in yana shan sa, ko ƙaramin bugu ne jini kan iya taruwa a cikin kai a hankali, mutum na tafe yana hira bai sani ba."

Ƙwayar tana cikin aljihun rigarsa a lokacin, a ɗan kwalinta, tun da aka gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ya ɗora hannu a kan aljihun kamar mai sosa ƙirji.

"Ni da magani sai na mura."

Likitar ba ta gamsu ba. Ta saba da tsofaffi da taurin kansu. Ta juya ga ɗan, wanda ke tsaye jikin bango riƙe da takalman uban.

"Yallaɓai, kai kana wurin. Haka aka yi?"

Tsohon ya juyo. Ya zuba wa ɗan ido, irin kallon da ya rene shi da shi. Ɗan ya dubi ubansa, ya daɗe yana dubansa, fuska ba yabo ba fallasa.

"Yadda Baba ya faɗa, haka ne," in ji shi.

Ta sa tsohon ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya cije ya taka tsaf. Ta ce to, ba ta ga dalilin hoto ba, amma kada a bar shi shi kaɗai. In ciwon kai ya ƙaru, ko amai, ko barci ya yi masa yawa, ko harshe ya karye, ko hannu ya mutu, a dawo da shi a guje, kada a tsaya komai. Ɗan ya gyaɗa kai a kan kowanne, kamar mai haddacewa.

Wayyo, zo ka ga tsohon a mota! Dariya har da buga cinya. "Ka gani ko, Sakarai? Duk karatunta na juya ta kamar waina a... kai, na juya ta dai. In ƙanwarka ta ji ko kalma ɗaya, sai na ci mutuncinka." Ya hana a kai shi gida. Shago za a koma, akwai kujerun mutane da ba a gama ba.

La'asar ta yi yana kan aiki. Ya ɗaga guduma, gudumar ta sulale ta faɗi cikin garin katako. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. Ya zame jikin teburin ya zauna daɓas a ƙasa, kan nan kamar zai tsage, barci na jan sa.

A nan ne abin ya faɗo masa. Wa ke zuwa kantin magani duk wata ya karɓo masa ƙwayar nan? Wa ya tsuguna a kansa yana kiran Baba, Baba, bai amsa ba? Wa ya riƙe masa riga a gefen titi? Yaron nan bai manta komai ba, kuma ya ji abin da likita ta ce sarai, da kunnen da ya rage masa. Tsoro ya kama tsohon, tsoro irin wanda bai taɓa sani ba.

Ɗan na tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannu. Tsohon ya buɗe baki zai ce a mai da shi asibiti. Abin da ya fito ba magana ba ce, wani gurnani ne da yawu.

Ɗan ya tako a hankali. Ya jawo ɗaya daga cikin kujerun da ba a gama ba, ya kaɗe mata ƙura, ya zauna gaban ubansa. Ya ajiye makullin a kan gwiwarsa, ya juyo masa da kunnen hagu.

"Ina jin ka, Baba," ya ce cikin ladabi. "Kai nake jira ka ce a motsa."