Kwalin Tanti Aglaia

Ranar Asabar motar Nea Costică, direban da ke mana jigilar kaya daga gida, ke isowa birnin Padova, ta tsaya a fili bayan tashar jirgin ƙasa. Wata uku ke nan da zuwana karatu a shirin musayar ɗalibai, kuma wannan ne kwali na farko da Mama ta aiko min daga garinmu Vaslui. Tun ranar Alhamis yawuna ke tsinkewa: cuku, zuma, miyar zakuska da take yi da yalo gasasshe.

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata 'yan ƙasarmu sun fi talatin tsaye da lema, yawancinsu masu jinyar tsofaffi a gidajen Italiyawa.

"Ruxandra, 'yar boko!" in ji Nea Costică. "Zo ki ɗauke dutsen da uwarki ta ɗora min. Tun daga iyaka motar nan ke kuka."

"Motar nan tun kafin a haife ni take kuka, Nea Costică."

"Ji bakinta! Karatun ke nan da aka turo ki?"

Ya miƙo min wani kwalin ayaba da ruwa ya wanke rubutunsa. Ɗoki bai bar ni na lura ba shi da nauyin da ake faɗa ba.

Sai a ɗakina na buɗe. Babu cuku, babu zuma. Takalmin sanyi ne na 'yan mata, sabo fil, da jar rigar sanyi da ba a ko cire takardar shagonta ba, da waya a cikin gidanta. A sama akwai takardar da aka yago daga littafin makaranta. Na san ba tawa ba ce, amma na karanta.

"Mama, ki daina turo kaya. Kaka ta daina gane mutane, jiya ta kira ni da sunanki. Ni kaɗai nake mata wanka, ni nake canza mata shimfiɗa kafin in tafi makaranta. Ko ki zo, ko ki rabu da mu. Sabina."

Na kira Nea Costică. Ya yi ta rantsuwa laifin ruwa ne, sannan ya ce nawa yana wajen wata Aglaia, a unguwar Arcella. Ya ba ni lambarta.

Washegari bayan azahar na ɗauki kwalin na hau motar haya. Kafin in sauka na zare takardar na cusa a aljihu. Har yau ban san me na yi niyyar yi da ita ba.

Tanti Aglaia gajeriyar mace ce mai kauri, ta haura arba'in, hannayenta sun yi ja saboda wanki. Ta ja ni ɗakin girki tana magana ƙasa-ƙasa, wai kada mu tashi Sinyora Ines, tsohuwar da take jinya.

"Yafe min, 'yar nan, na buɗe naki. Da na ji ƙamshin zakuskar nan sai da na zauna. Uwarki 'yar wane gari ce? Irin ta wajenmu ce sak. Na ɗan taɓa, cokali biyu, kar ki kai ni ƙara."

"Ku ci duka ma, Tanti."

"A'a, ke ma ga ki kamar sillen kara. Kawo nawa in ga abin da 'yar nema ta aiko. Tuffa na ce ta tsinko min daga bishiyar gidanmu."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallon jar rigar. Ta ɗaga takalmin ta juya ƙasansa, ta ga ko ƙura bai taɓa ba.

"Ya mata kaɗan ne," ta ce. "Shekararta sha shida, kullum ƙafa ƙara girma take. Ni ce ban tambaya ba." Ta zazzage kwalin, ta laluba aljihunan rigar. "Ba ta sa ko 'yar takarda ba?"

"Ban gani ba."

Ta ɗago ta dube ni. Na sa hannu a aljihu na ajiye mata takardar a kan tebur.

Ta karanta a tsaye, laɓɓanta na motsi. Da ta gama ta linke ta.

"Kin karanta?"

"Na karanta, Tanti."

"Sannan kika ɓoye. Wa ya ba ki iko? Ke wace ce a cikin gidana?"

Ƙararrawa ta kaɗa daga ɗakin ciki, wata siririyar murya na kiran sunanta. Ta goge hannu ta tafi. Ina zaune ina jin tana lallashin tsohuwar da Italiyanci, ina jin ƙarar ruwa a roba. Ta yi kusan rabin awa.

Da ta dawo fushin ya tafi. Ta zauna kusa da ni.

"Shekara bakwai ina nan," ta ce. "Uban Sabina ya tafi Jamus, ko gaisuwa. Ƙanwata ce ke duba Sabina da kakarta, ita ma bara ta bi mijinta. Na ce wa kaina sai bazara." Ta kama hannuna. "Ɗan Sinyora ba zai bar ni in tafi ba sai na kawo wadda za ta zauna a madadina. Kwana goma kawai. Kina jin yarensu. Ba wuya, zan nuna miki yadda ake ɗaga ta, ba ta da nauyi. Da dare barci take, sai ki yi karatunki."

Jarrabawa uku ke gabana. Ban taɓa yi wa kowa wanka ba, warin ɗakin ma tun shigowata ya dame ni.

"Zan duba, Tanti," na ce.

"Duba, 'yar albarka. Duba ki kira ni."

Ta ɗaure min kwalina da igiya, ta raka ni har ƙofa.

Ranar Talata ta kira, ina cikin aji. Ranar Laraba ta kira sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Na rubuta mata saƙo na goge, na sake rubutawa na goge. Na gaya wa kaina akwai mata talatin a filin nan, dole ta samu wata. Bayan mako guda ta daina kira. Cukun Mama ya ƙare a cikin abokan ɗakina, ni dai ban iya cin na kirki ba.

A watan Mayu na koma wajen motar don in aika kayan sanyina gida. Nea Costică na ɗaure jakar ya ce, "Kin ji na mutuniyarki Aglaia? Ta samu wata 'yar Ukraniya ta riƙe mata aikin, amma sai bayan sati biyar. Muna hanyar gida da ita, a ƙasar Hangari, aka kira ta kakar yarinyar ta cika. Jana'iza ta tarar."

"Yarinyar fa?"

"Ta ce ba za ta biyo ta nan ba. Tana wajen wata malamarsu. Ga Aglaia can ma, ki mata gaisuwa."

Tanti Aglaia na tsaye jikin shinge da baƙin ɗankwali. Ta rame. Na so in bi ta bayan motar in wuce, amma ta riga ta gan ni. Na ƙarasa wajenta.

"Tanti, na ji abin da ya faru. Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Na gode." Ta gyara min wuyan riga da ya lanƙwashe. "Yaya jarrabawar?"

"Na ci."

"Duka ukun?"

"Duka."

"Madalla. Uwarki za ta ji daɗi."

Ta duba agogo, ta ce awa biyu kawai aka ba ta, Sinyora na jiran abinci. Ta tafi wajen tsayawar motar haya. Na tsaya har Nea Costică ya daka min tsawa in zo in rubuta sunana a jikin jakar.