Sunan Malam a Cikin Waya

"Ba zan matsa ba," in ji Zulai. "Kuɗin kujera na biya, ba na rabin kujera ba."

Kwandastan ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya tura sabon fasinjan kujerar baya. Motar ta fita daga tashar Gwagwalada. Zulai ta ja mayafi har kan hanci, don gani take kowa a motar nan ya san ta, kowa ya karanta.

Da safe lafiya lau ta buɗe rumfarta. Tana auna wake sai ga Perpetual, maƙwabciyarta mai sayar da manja, riƙe da waya tana dariya.

"Mama Zulai! Ashe kai ma ka yi soyayya! Kai da Oga Malam!"

Ta miƙa mata wayar. Hotonta ne, tana zaune a tabarma, ɗankwali ya zame, furfura a waje. A ƙarƙashi ga rubutun Turanci jere kamar tururuwa. Zulai ba ta taɓa shiga aji ba, don haka Perpetual ce ta karanta, tana fassarawa da tata Hausar, a gaban masu ciniki.

Aikin Nazeefa ne, jikarta. Yarinyar tana da shafi a intanet, inda take rubuta finafinan da take so, da cunkoson hanya, da duk abin da ya ratsa ranta. Wannan karon kakanta ta rubuta, marigayi Malam Surajo, mijin Zulai, ladanin masallacin unguwa, wanda ya hana talabijin shiga gidansa. Ta gaya wa duniya cewa yana da ƙaramar talabijin da na'urar kaset a adaka ƙarƙashin gado. Ranar Asabar in yara sun tafi islamiyya sai ya sa sakata, shi da matarsa su kalli wani fim ɗin Indiya guda ɗaya tal. Ba ya jin yaren, amma yana fassara mata yadda ya ga dama. Kuma wai yakan yi kuka.

Kafin Zulai ta rufe rumfa, Alhaji Nasrullahi, ƙanin Malam, ya kira.

"Yaya, wani abu aka turo a gurup ɗin dangi. Mutumin da ya tsufa yana kiran salla, yau yara ke masa dariya a waya. A ina yarinyar nan ta samo zancen?"

Zulai ta kashe wayar. Ta san inda ta samo.

Ta isa gidan su Nazeefa a Gwarinpa rana ta karkata. Nazeefa na falo da kwamfuta a cinya. Tana ganinta ta yi tsalle.

"Oyoyo tsohuwa! Ba waya ba saƙo? Ko wani dattijo kika biyo Abuja?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Zauna."

Nazeefa ta zauna.

"Ke wa ya aike ki? Na ce wa ya aike ki ki kwashi ɗakina ki kai kasuwa? Mai manja ta san abin da ke ƙarƙashin gadona! Kaina ba ɗankwali, kin nuna wa maza!"

"Kaka, wallahi ba da mugun nufi ba ne. Mutane sun so shi fa. Ki ga kwament ɗin, wata ma cewa ta yi sai da ta yi kuka."

"Ta je ta yi kukan nata mamacin. Nawa ba na haya ba ne. Karanta mini. Da Hausa, kuma kar ki tsallake komai."

Nazeefa ta fara. Ta rubuta cewa ta kalli finafinai ba iyaka, amma wanda ta fi so tsoho ne, hotonsa duk ya dushe, kuma ba don labarinsa take sonsa ba. Hutun sallar da ta wuce ta kunna shi a waya a tsakar gidan kakarta, suna tsince shinkafa. Sai tsohuwar ta ajiye faranti ta ce ba haka jarumin ya faɗa ba, ta kawo wata magana dabam wadda babu ita a fim ɗin. Daga nan labarin adaka ya fito.

"Sai kakata ta yi dariya," Nazeefa ta ci gaba da karantawa, "ta ce, 'Surajo kenan. Ƙarya yake zuba mini ina ta gyaɗa kai.'"

"Tsaya. Ni na faɗi haka?"

"Kin faɗa, Kaka."

"Da sunan?"

"Da sunan."

Zulai ta buɗe baki za ta ƙaryata, sai ta tuna. Ta faɗa. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Malam take cewa, ko mai gidan. Ko wani yaro mai sunan ta gani, laƙabi take nema masa. Sai ga shi fim ya kwance mata harshe a gaban jika, yanzu kuma dangin mijinta kaf sun ji ta tana kiransa gatsau kamar sa'anta.

"Ni na ɗauka wasan jika ne," in ji Nazeefa a hankali. "Ai kullum muna yi."

"A tsakar gida muke yi. Ki zage ni in rama, mu tashi. Shi wanda kika sa a ciki yana da bakin ramawa? Goge shi."

"Ko na goge, wasu sun riga sun ɗauka."

"Su da Allah. Wurinki na zo."

Nazeefa ta danna, ta sake dannawa, ta juyo mata da kwamfutar. Zulai ta duba. Hoton dai babu shi. Ta jira ta ji sanyi a ranta, ba ta ji ba.

Ana haka Lukmanu ya dawo daga ma'aikata. Shi ne ɗanta na fari, uban Nazeefa, kuma tsakaninsu akwai kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Bai tambayi abin da ya kawo ta ba, a nan ta gane shi ma ya karanta.

"Ki ce wa Inna ni zan mai da ita gida," ya ce da 'yarsa.

Ta shiga bayan motarsa. Suka fita daga Gwarinpa. Tana kallon ƙeyarsa, inda furfura ta fara fitowa, sai ta tuna ranar da Malam ya zane shi da bulala don ya leƙa kallo a gidan maƙwabta. Tana tsaye aka yi, ba ta ce komai ba, adaka kuwa tana ƙarƙashin gado. In ya tayar da wannan zancen ba ta da amsa. Ta ƙara jan mayafi.

Sun yi nisa kafin ya yi gyaran murya.

"Inna."

Ta gyara zama.

"Da gaske Malam yakan yi kuka?"

Ba zargi a muryar. Tambaya ce kawai ta mutumin da bai taɓa ganin haƙoran ubansa ba.

"Ka kalli hanya," ta ce.

Ya kalli hanya. Wata tirela ta wuce su, motar ta girgiza. Zulai ta juyar da fuska wajen taga, ta yi magana kamar da gilashin take yi.

"Ba ko'ina ba. Wurin da yaron zai bar gida ne, uban ya ƙi fitowa rakiya."

Lukmanu ya rage gudu, bai waiwayo ba.